Ku Tambaya Mu Amsa: Girman Rubutu a Excel da Google Sheets, a Kwamfuta da Waya

Wasiƙun wannan karo kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: rubutu ya ƙanƙance a allon kwamfuta, ko ya kumbura ya cika waya, ko kuma abin da ido ya gani a allo ba shi firinta ta fitar ba. Mun zaɓo takwas daga cikinsu. Sunayen maɓallai mun bar su yadda suke rubuce a allo, domin mai nema ya gane su da ido.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon turare da jallabiyoyi a Misfala, a Excel nake rubuta shigar kaya da fitarsu. Yaron shagona ya zauna a kan kwamfutar, da na dawo sai na tarar rubutun ya ƙanƙance, ko kuɗin ba na iya karantawa. Na kashe na kunna, yana nan yadda yake. Excel ɗin na Larabci ne. Lissafin ya lalace ke nan? *Mai shago, Makka*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kwantar da hankalinka, ko riyal ɗaya bai motsa daga lissafinka ba. Zum aka taɓa, shi kuwa zum tamkar tabarau ne, yana sauya yadda ido ke gani, ba ya taɓa abin da ke rubuce. Dalilin da kashewa da kunnawa ba su gyara ba shi ne Excel yana ajiye zum a cikin fayil ɗin kansa. Yaron ya rage shi, aka adana fayil a haka, don haka kullum ka buɗe a haka zai zo maka.

Duba can ƙasan allo. Akwai wani siririn layi mai alamar ragewa a gefe guda, alamar tarawa a ɗaya gefen, da lamba kusa da shi. A Excel na Turanci yana kusurwar dama, amma a naka na Larabci kusurwar hagu za ka duba, domin an juya komai. Kowace dannawa a kan alamar tarawa tana ƙara 10. Idan kuma lambar kanta ka danna, ƙaramin akwati zai fito mai 200, 100, 75, 50 da 25, da gurbin da za ka rubuta lambar da kake so, daga 10 har zuwa 400. Mafi sauri duka: ka shiga عرض a jerin sama, wato View a na Turanci, ka danna maɓallin da aka rubuta 100% a jikinsa. Daga nan ka danna Ctrl da S, domin gyaran ya zauna a fayil.

Abin da yaron ya yi ba ya wuce ɗayan biyu. Ko dai ya danne Ctrl yana murza tayar linzami, wato mouse, ko kuma ya haɗe yatsu biyu a kan wurin shafawa na laftof. Murza taya tare da Ctrl yana tafiya ne 15 15: daga 100 zuwa 85, 70, 55, 40. Murzawa huɗu kacal ta isa ta mai da shafi abin da ba ya karantuwa. Ita ma wannan hanya ka riƙe ta, domin idan hannu ya saba ta fi kowace sauri.

Idan ka ga tayar tana yin zum alhali ba ka taɓa Ctrl ba, fara duba ko maɓallin ya maƙale, ƙura takan yi haka. In lafiyarsa lau, shiga ملف, sai خيارات, sai خيارات متقدمة, ka nemi layin da ke ɗauke da kalmar IntelliMouse, ka cire alamar da ke gabansa. Idan kuwa siririn layin nan na ƙasa ne ya ɓace gaba ɗaya, danna maɓallin dama na linzami a kan sandar ƙasan, jeri zai fito, sai ka mai da masa alamarsa.

Tambaya: Ina aiki a ofishin da ke kula da masu zuwa Umara. Jerin sunayen alhazanmu yana da layukan tsaye 14: suna, lambar fasfo, jirgi, otal, ɗaki da sauransu. Na rage zum zuwa 60% har duka suka shiga allo, amma da na buga sai takarda ta raba su, rabi a wannan, rabi a waccan. Me ya sa firinta ba ta bin abin da na saita? *Ma'aikacin ofis, Jidda*

Amsa: Malam, firinta ba ta san zum ba sam. Ko ka sa shi 10 ko ka sa shi 400, abu ɗaya za ta fitar. Bugawa tana da nata ma'aunin daban, yana cikin Page Layout, wato تخطيط الصفحة, a rukunin Scale to Fit, inda za ka ga gurabe uku: Width, Height da Scale.

Amma kafin ka matse rubutu, fara nema masa fili. Takardar A4 santimita 21 ce a faɗi, 29.7 a tsawo. A tsaye, da gefen da Excel ke bari na kullum, santimita 1.78 dama da hagu, abin da ya rage maka bai wuce 17.4 ba. Ka kwantar da takardar ta Orientation, ka zaɓi Landscape, sannan a Margins ka zaɓi Narrow, gefen ya koma 0.64: yanzu kana da kusan santimita 28.4. Wannan kaɗai ya ba ka ƙarin fili fiye da rabin wanda kake da shi a da, ba tare da ka rage harafi ko ɗaya ba. Ka kuma leƙa Size ka tabbatar A4 ce, domin wasu kwamfutoci sukan zo a kan Letter, takardar Amurka, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan, ta kuma fi ta gajarta.

Sai ka sa Width a kan shafi 1, ka bar Height a kan Automatic. Ma'anarsa, duk layukan tsaye su shiga faɗin takarda guda, tsawon kuwa ya ci takardu ko nawa yake buƙata. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne zaɓar Fit Sheet on One Page. Idan sunaye 300 gare ka, Excel zai cusa su duka a takarda ɗaya, babu mai iya karantawa.

Bayan ka saita, dubi gurbin Scale. Zai dusashe, amma zai nuna maka kashin da Excel ya rage. Yi lissafi da shi: harafi mai girman 11 idan aka buga a 60% ya koma 6.6, a 70% kuwa 7.7. Mu a ganinmu kada ka yarda ya sauka ƙasa da 70. Wannan takarda direban bas ne zai karanta ta da dare, ko ma'aikacin otal yana tsaye mutane sun yi masa layi, kuma a lambar fasfo kuskuren 3 da 8 ba ƙaramin abu ba ne. Idan lambar ta faɗi ƙasa da haka, ka ɓoye layukan da mai karɓar takardar ba ya buƙata. Direba ba ruwansa da ranar haihuwar alhaji, otal ba ruwansa da lambar kujerar jirgi. Danna maɓallin dama a kan harafin layin, ka zaɓi Hide, in ka gama bugawa ka dawo da shi.

Akwai wani abin da kan rikita mutane. Ka yi duk wannan, amma rubutu ya fito ƙanana a kusurwar takarda, sauran fili fari fat. Galibi wani ne ya danna harafi ɗaya bisa kuskure a wani gida, wato ɗan akwatin da ake rubutu a ciki, can nesa, ko aka ja zanen iyaka har inda babu komai, shi kuwa Excel yana ƙoƙarin shigar da har can. Danna Ctrl da End, zai kai ka gida na ƙarshe da yake ɗauka ana amfani da shi. Maganin da ba ya ɓata lokaci: ka zaɓi iyakar teburin da kake so, ka shiga Print Area, ka danna Set Print Area.

Kada ka manta da Print Titles. A gurbin Rows to repeat at top ka zaɓi layin kanun, domin takarda ta biyu da ta uku su ma su fito da "Suna", "Fasfo", "Ɗaki" a samansu. Idan PDF za ka fitar ka tura ta waya, wannan saitin dai yake bi, ba zum ba.

Tambaya: Ni ce ke riƙe da littafin adashinmu, mu mata 40. A layin kuɗi wani lokaci sai in ga ##### maimakon lamba, in na ƙara zum ya tafi, in na rage ya dawo. Lambobin waya kuma sun koma wani abu kamar 9.66E+11, wannan kam ko na ƙara zum ba ya gyaruwa. *Uwar adashi, Madina*

Amsa: Hajiya, matsaloli biyu ne daban, kuma babu wadda zum ne maganinta.

Alamar ##### tana nufin gidan ya yi wa lambar kaɗan. Excel ba ya yanke lamba ya nuna rabinta, domin 12,500 da aka yanke tana iya zama 2,500 a ido, sai ya rufe ta gaba ɗaya. Abin da ya sa take zuwa tana tafiya shi ne faɗin layin naki daidai wa daida yake da lambar. Allo da ƙananan ɗigogi yake zana haruffa, kuma a kowane zum lissafin ɗigon yana ɗan bambanta, sai lambar ta shiga a 100 ta kasa shiga a 85. Kai linzami kan iyakar da ke tsakanin harafin layin da na kusa da shi a can sama, ki danna sau biyu da sauri, zai buɗe daidai da lamba mafi tsawo. Sannan ki ƙara jan sa kaɗan da hannu, domin jimilla takan ƙara lamba ɗaya idan kuɗi suka taru.

Ta biyun ba ta da alaƙa da faɗi. Duk lambar da ta kai guda 12, Excel yana taƙaita ta da salon masu kimiyya. Lambar wayar Saudiyya idan aka haɗa da 966 guda 12 ce cif, ta Sudan da 249 ita ma 12, ta Najeriya da 234 kuwa 13. Ta Nijar da 227 guda 11 ce, shi ya sa ita takan fito lafiya. Idan kuma kika rubuta ta yadda ake kira a cikin gari, da 05 a farko, sifilin ne zai faɗi. Lambar waya ba abin tarawa ba ce, don haka ki gaya wa Excel rubutu ce: zaɓi layin gaba ɗaya, ki danna Ctrl da 1, ki zaɓi Text, sannan ki shigar da lambobin. Ko kuma ki fara kowace lamba da alamar ' wadda ba za ta bayyana a gidan ba. Waɗanda suka riga suka koma E+11 ba su ɓace ba: Ctrl da 1, ki zaɓi Number, ki mai da lambobin bayan ɗigo sifili, za su dawo cikakku.

Inda ake asara ta gaske shi ne lamba mai tsawo fiye da 15. Excel guda 15 kawai yake riƙewa, daga ta 16 sai ya mai da su sifili, kuma ba sa dawowa. Lambar iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, guda 10 ce, ba ta da wannan damuwa, amma duk wata lamba mai guda 16 ko fiye, a mai da gidan Text tun kafin a rubuta.

Tambaya: Ina lura da motocin da ke jigilar baƙi tsakanin otal da Harami. Daga ofis suke turo mini jadawali ta WhatsApp. In na buɗe a waya sai saman shafin da gefensa su tsaya cak, wurin da ke motsi ɗan mitsitsi ne, wani lokaci ma ba ya motsi ko kaɗan. Wayar ce ta gaza? *Mai kula da motoci, Makka*

Amsa: Wayarka lafiya lau, ɗan'uwa. Wanda ya haɗa jadawalin ya kafe wasu layuka ne domin kada su gushe idan ana gangarawa, abin da Excel ke kira Freeze Panes. A babban allon ofis layuka shida na sama da layukan tsaye uku na gefe ba su cin wuri sosai. A waya kuwa su kaɗai sun cika allon, ragowar da ya kamata ya motsa ya faɗa waje.

Na farko, kada ka tsaya a kallon da WhatsApp ke fara nuna maka, ka buɗe fayil ɗin a cikin manhajar Excel ko Google Sheets ko WPS. Ka kwantar da wayar, in ba ta juya ba ka kunna juyawar allo daga sandar da ake jawowa daga sama. Sai ka ɗora yatsu biyu ka haɗe su, shafin zai ja baya har wurin motsin ya bayyana. A manhajar Excel da ta Google Sheets ta waya yatsu ne hanyar zum: ka ware su ya matso, ka haɗe su ya ja baya.

In duk da haka wurin bai ishe ka ba, cire kafewar. A Excel na waya, taɓa ƙaramar kibiyar da ke ƙasa, jerin umarni zai taso, taɓa Home ka sauya zuwa View, a nan Freeze Panes yake. A Google Sheets kuwa ka danne lambar layin ko harafinsa na ɗan lokaci, a jerin da zai fito ka zaɓi Unfreeze.

Hattara da gyara a waya alhali shafin yana nesa. Yatsa ya fi gidan girma, sai ka nufi motar ƙarfe 4 ka taɓa ta ƙarfe 5, ko ka ja gida ya koma wani wuri ba ka lura ba. Ka ja baya domin neman wuri, amma kafin ka rubuta komai ka matso har tsayin layi ɗaya ya kai faɗin kan yatsanka. In hannu ya kuskure, kibiyar komawa baya tana sama, taɓa ta nan take kafin ka yi wani abu. Neman suna ko lambar mota kuma da alamar bincike ya fi sauƙi a kan gangarawa da yatsa cikin layuka ɗari biyu.

Wani abin da ake rikitawa da wannan: idan agogo da alamar batir su ma sun kumbura, ba manhajar ba ce, allon wayar ne gaba ɗaya aka kusanto. A iPhone ka buga allon sau biyu da yatsu uku, zai koma. A Android yana cikin Settings, ɓangaren Accessibility, da sunan Magnification, kuma a wayoyi da yawa bugawa sau uku da yatsa ɗaya ne ke kunna shi ya kashe shi.

Gyara mai ɗorewa yana hannun mutanen ofis, ka isar musu da wannan. Jadawalin da za a karanta a waya, layi ɗaya na sama da layin tsaye ɗaya na gefe kawai za a kafe. Sunan kamfani da tambari da kwanan wata kada su shiga cikin abin da aka kafe. Layin farko ya zama abin da ake nema da shi, lambar mota ko sunan direba, kuma kada a yi masa faɗi. Kafin a adana a mai da zum 100, a danna Ctrl da Home. Idan kuma kai karantawa kawai za ka yi, ba gyara ba, su turo maka PDF, ya fi zama lafiya ga kowa.

Tambaya: Fayil ɗina yana da shafuka 12, kowane wata da nasa. In na gyara zum a na Janairu, na Fabrairu yana nan yadda yake. Ba yadda za a yi su daidaita gaba ɗaya? Kuma ina son kowane sabon fayil ya buɗe a 120. *Akawu, Riyad*

Amsa: A Excel kowane shafi da nasa zum. Domin daidaita su, danna maɓallin dama a kan sunan ɗaya daga cikinsu a ƙasa, ka zaɓi Select All Sheets, ka sa lambar da kake so, duka za su ɗauka. Amma Malam, kada hannunka ya taɓa komai kafin ka warware su. Muddin suna haɗe, kuma za ka ga kalmar Group a can sama kusa da sunan fayil, duk abin da ka rubuta a gida ɗaya zai shiga wannan gidan a shafuka 12, ya goge abin da ke ciki. Lamba ɗaya a B5 ta Janairu ta shafe B5 ta shekara guda. Da ka gama saita zum, maɓallin dama kuma, Ungroup Sheets, sannan ka adana. Masu amfani da LibreOffice Calc su ba su da wannan wahala, akwai zaɓin Synchronize sheets a cikin saitinsa da ke sa shafuka su bi zum ɗaya.

Na biyun, Excel ba shi da wurin da ake saita zum na dindindin. Dabarar ita ce ka buɗe sabon fayil, ka sa shi a 120, ka adana shi a matsayin Excel Template da sunan Book a cikin jakar XLSTART. Hanyar zuwa jakar: Windows da R, ka rubuta %appdata%\Microsoft\Excel\XLSTART. Daga nan duk fayil ɗin da ka buɗe da Ctrl da N a 120 zai zo. Sunan Book na Excel ɗin Turanci ne, kuma wannan ba ya taɓa fayilolin da wasu suka turo maka, su da zum ɗin mai su za su zo.

Tunda akawu ne kai, ga wata da za ta yi maka amfani kullum: zaɓi layin kanun teburinka daga farko zuwa ƙarshe, ka danna Zoom to Selection a cikin View. Excel zai lissafa lambar da za ta sa faɗin teburin ya cika allo daidai, ba sai ka yi ta gwaji ba. A Excel na Turanci, Alt, W, G a jere ke yin wannan, Alt, W, J kuma ya mai da kai 100. A na Larabci haruffan sun bambanta, ka danna Alt kaɗai za su bayyana a kan maɓallan.

Tambaya: Na sa jerin zaɓi a gida domin a riƙa zaɓar sunan kaya, amma rubutun jerin ƙanana ne ƙwarai. Na ƙara girman harafin gidan, bai sauya ba. *Mai ajiyar kaya, Jidda*

Amsa: Ba zai sauya ba, jerin zaɓin ba ya bin girman harafin gida, zum yake bi. Alama ce shafinka yana kan 60 ko 70, aka ƙara girman haruffa domin a rama. Juya abin: mai da haruffan 10 ko 11, ka rage faɗin layukan, ka ɗaga zum zuwa 100 ko 120. Teburin zai ci wuri kusan yadda yake ci a da, jerin kuma ya karantu.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, mu da yawa muke aiki a kan shafi ɗaya na Google Sheets, na gudummawar da muke tarawa. In na ƙara zum, su ma zai sauya musu? Kuma tun da na danna Ctrl da alamar tarawa, har Google Docs ɗina ya kumbura. *Ɗalibi, Jami'ar Musulunci ta Madina*

Amsa: Ba zai sauya musu ba, Malam, kowa da nasa gani. Abin da zai shafi kowa shi ne girman harafi, faɗin layi, ɓoye layi da kafe shi, waɗannan a jikin shafin suke. Don haka in rubutu ya yi maka ƙanƙanta kai kaɗai, zum za ka taɓa, kada ka ƙara wa jama'a girman harafi.

A Google Sheets na kwamfuta zum iri biyu ne a kan juna. Na Sheets kansa yana sandar sama, gurbin da aka rubuta 100%, yana ba da 50, 75, 90, 100, 125, 150 da 200, kana kuma iya rubuta wata lamba tsakanin 50 da 200. Wannan gidajen teburin kawai yake ƙarawa. Wanda ka danna kuwa na burauza ne, yana kumbura komai har da maɓallai, kuma Chrome yana tuna shi ga adireshin gaba ɗaya. Sheets da Docs adireshi ɗaya suke zaune, shi ya sa Docs ɗinka ya bi. Danna Ctrl da 0, zai koma daidai. Su biyun ninka juna suke yi: burauza a 125, Sheets a 125, abin da kake gani ya haura 156. Shawararmu ka bar na burauza a 100, ka riƙa aiki da na Sheets, domin ƙara na burauza yana cinye wurin sandar sama har wasu maɓallai su ɓuya a bayan ɗigo uku.

Tambaya: Shekaruna sun ja, idona ya yi rauni. Jikana ya sa mini zum a 150, gidajen ina ganinsu sarai. Amma rubutun sama, da dogon gurbin da ake ganin lissafi a ciki, da sunayen shafuka a ƙasa, duk suna nan ƙanana. *Dattijo, unguwar Karantina, Jidda*

Amsa: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Zum na Excel iyakarsa gidajen teburi, ba ya kaiwa ga waɗannan da ka lissafa. Su Windows ne ke riƙe da girmansu. A ce wa jikan ya danna maɓallin dama a fuskar kwamfuta inda babu komai, ya zaɓi Display settings, ya nemi Scale. Zai ga 100, 125, 150, wani allon har 175 ko fiye. Ya ɗaga mataki ɗaya daga inda yake, ya rufe Excel ya sake buɗewa, sannan ka duba. Bayan haka 150 ɗin nan na cikin Excel zai yi yawa, domin su ma ninka juna suke yi, a sauke shi zuwa 110 ko 120.

Abin da za a rasa shi ne fili. Allo mai ɗigo 1920 a faɗi yana nuna layukan tsaye kusan 29 idan Windows yana kan 100, a kan 150 kuwa ba su kai 20 ba. Ga lissafin gida ko na ƙaramin shago wannan ya isa har ya yi saura. Domin samun ƙarin wuri daga sama, Ctrl da F1 yana naɗe jerin maɓallan, a sake dannawa ya dawo.

Idan dogon gurbin lissafin ne kaɗai ke ba ka wahala, akwai wata hanya: File, Options, General, a ɗaga girman harafi daga 11 zuwa 14, a rufe Excel a sake buɗewa. Gurbin zai girma, amma a sani sababbin fayiloli su ma da harafi 14 za su riƙa farawa, kuma wannan zai bayyana a takarda in an buga.

Don duba abu ɗaya na ɗan lokaci, kamar lamba a fatura, danne maɓallin Windows ka danna alamar tarawa, allon gaba ɗaya zai matso inda linzami yake. Windows da alamar ragewa ya ja baya, Windows da Esc ya rufe shi. Idan laftof ɗin ƙarami ne, mai inci 13 ko 14, a haɗa shi da allo mai inci 24 ta wayar HDMI, ko da talabijin ɗin gida in yana da wannan kafa, sannan a koma Display settings a saita wa sabon allon nasa Scale, domin kowane allo da nasa.